Taurarin da ke tafiya a jere: Yadda masu ɗaukar hoton sama ke tsame shaidar zur

Daga wakilinmu a Nima

Wata ranar Laraba, ranar da kasuwar Nima ke ci, bayan an idar da sallar Magariba, wayar gidan rediyonmu ta dinga ƙara babu ƙaƙƙautawa. Wanda ya fara bugowa wani dattijo ne mai sayar da goro a Mamobi. Ya ce fitowarsa daga masallaci ke nan ya ɗaga kai, sai ya ga taurari sun fi ashirin suna tafiya a jere kamar ayarin fatake, babu ƙara babu hayaƙi, har suka ɓace masa a tsakiyar sama. Muna ajiye waya sai ga wata Hajiya mai kai atamfa iyakar Aflao, ita kuma tambayarta ɗaya ce, wai shin wannan na cikin alamomin tashin ƙiyama ne? Kafin gari ya waye saƙon murya ya karaɗe WhatsApp, kowa ya tura sai ya ƙara nasa gishirin, wasu na cewa jiragen yaƙi ne, wasu na cewa aljanu ne ke ƙaura.

Gaskiyar magana mu kanmu ba mu da amsa a wannan dare, sai dai muka yi wa masu sauraro alƙawarin za mu bincika. Binciken ya kai mu wani ɗan shagon gyaran waya a nan Accra, wadda mu mutanen Zango muke kira Ankara, inda muka samo amsar tambayar Hajiya, muka kuma samo wani darasi da ya shafi kowane ɗan kasuwa.

Ba aljanu ba ne

Abin da mutane suka gani taurarin ɗan'adam ne na Starlink, mallakar kamfanin SpaceX na attajirin nan Elon Musk da ke Amurka. Aikinsu shi ne kai intanet daga sama zuwa inda waya ba ta kai ba. Kamfanin ya harba 60 na farko a roka guda a watan Mayu na 2019, kuma ya zuwa watan Oktoba na 2025 waɗanda ya harba sun haura 10,000. Domin mai karatu ya gane girman lamarin, daga ranar 4 ga Oktoba 1957 da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, har zuwa farkon 2019, waɗanda ke aiki a sama na duk ƙasashen duniya kimanin 2,000 ne kacal.

A kwanakin farko bayan an harba su suna tafiya ne a kurkusa da juna, shi ya sa ake ganinsu a jere. Daga baya kowanne yakan hau zuwa mazauninsa, ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, su rarrabu. Suna gudun kusan kilomita 27,000 a awa guda, suna zagaye duniya cikin awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci. Ba su da fitila. Hasken da muke gani na rana ne yake dukan jikinsu, kamar yadda sabon kwanon rufi ke walƙiya da rana. Bayan rana ta faɗi mana a ƙasa, su can sama tana haska su tukuna, don haka an fi ganinsu bayan Magariba da kuma goshin Asuba. Da zarar sun shiga inuwar duniya sai su dushe, wannan ne ɓacewar da dattijon Mamobi ya gani.

Mai gyaran waya da ke farautar taurari

Wanda ya fara warware mana wannan wani matashi ne mai gyaran waya, wanda yake da wata sha'awa da abokansa ke yi masa dariya a kai. Idan sama ta washe, babu hadari babu hazo, yakan ɗauki kyamara ya hau mota zuwa tuddan Aburi domin ya guje wa fitilun Ankara, ya kwana yana ɗaukar hoton abubuwan da ke can ƙuryar sararin samaniya. Ya nuna mana hoton tarin taurarin da ake kira Andromeda, wanda haskensa ke yin tafiyar kimanin shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso idonmu. Ya kuma nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, wadda da ido muke ƙirga taurari shida ko bakwai a cikinta, amma a hotonsa sun fi a ƙirga.

Irin wannan haske mai rauni ba a kama shi da ƙyaftawar ido. Duk mutumin Nima ya san yadda ake tarbar ruwa idan famfo na ɗiga, a ajiye bokiti a yi haƙuri. To haka ake yi wa kyamara, a bar idonta a buɗe na minti biyu ko uku tana tara haske, a bisa wata na'ura da ke juya ta sannu a hankali tana bin taurari yayin da suke tafiya yamma. A cikin wannan jira ne ɓarna ke aukuwa. Tauraron ɗan'adam guda ya gitta, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ja farin layi daga wannan gefe na hoton zuwa wancan, kamar an ja alli a kan baƙin allo. Ya buɗe mana hotunan dare guda a kwamfutarsa, muka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, wannan da layi guda, wancan da biyu sun gicciye juna.

Muka ce masa ashe wake ɗaya ya ɓata gari, wahalar dare ta tashi a banza. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, dakata tukuna." Sai ya nuna mana hoton ƙarshe da ya fitar daga waɗancan hotuna. Babu layi ko ɗaya. Kuma ya rantse bai goge komai da hannu ba.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi

Ga yadda abin yake. Mai wannan sana'a ba ya dogara da hoto guda. Yakan ɗauki wuri ɗaya sau 50 ko sau 100, sannan ya ba kwamfuta ta ɗora su a kan juna, ta daidaita kowane tauraro a kan ɗan'uwansa. Akwai manhajoji na kyauta da ke wannan aiki, irin su Siril da DeepSkyStacker, akwai kuma na kuɗi kamar PixInsight. Amfanin farko shi ne tsabta, domin hoto 100 idan aka haɗa su sukan fi hoto guda tsabta kimanin sau goma. Wayar da ke aljihun mai karatu ma tana yin irin wannan, idan ka ɗauki hoton dare ta ce ka tsaya cak na 'yan daƙiƙoƙi, hotuna da yawa take ɗauka ta haɗa maka su.

Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne, miliyoyinsu. Kwamfuta takan ɗauki ɗigo guda, ta tambayi kowane hoto cikin ɗarin nan, nawa ne hasken wannan wuri a wurinka? A nan ne lissafin kasuwa ya shigo.

A ce, misali, baƙo ya sauka kasuwar Nima yana son sanin kuɗin olonka ɗaya na gero. Ya tambayi mutum goma. Tara suka ce sidi 40, ɗaya ya ga baƙo ne ya ce sidi 400. Idan baƙon nan ya tara amsoshin duka ya raba goma, zai sami sidi 76, farashin da babu wanda ya faɗa, kuma da shi za a cuce shi. Haka layin tauraron ɗan'adam ke yi idan an haɗa hotuna an raba kawai, yakan dushe amma inuwarsa na nan. Ɗan kasuwa mai wayo kuwa ba haka zai yi ba. Zai dubi inda bakin mutane ya taru, ya ga wanda ya yi nisa da jama'a, ya ajiye maganarsa gefe, sannan ya yi lissafi da sauran taran.

Abin da kwamfuta ke yi ke nan. Takan auna matsakaicin amsoshin, ta auna iyakar saɓanin da aka saba samu a tsakaninsu, kamar yadda wani zai ce 41 wani 39 ba a kira shi maƙaryaci ba. Duk amsar da ta zarce wannan saɓani ninki biyu ko uku, sai a fitar da ita, a sake lissafi. Tauraro na gaskiya yana nan a wurinsa a duk hotunan, shaidu ɗari sun gan shi. Layin kuwa a hoto guda ya bi ta wannan ɗigo, 99 sun ce wurin duhu ne. Ba a jefar da hoton gaba ɗaya, ɗigogin da layin ya taka kawai ake tsamewa, sauran shaidarsa ta shiga lissafi. Da wannan hanya ake kawar da sawun jirgin sama ma.

Sai dai akwai sharaɗi, dole shaidu su yi yawa. Wanda ya ɗauki hoto uku kacal, ɗaya na da layi, kwamfuta ba ta da ƙarfin hujjar da za ta ƙaryata shi. Shi ya sa matashin ya ce gara gajerun hotuna masu yawa da dogaye 'yan kaɗan.

Mu Musulmin Zango wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk ranar 29 ga Sha'aban ko Ramadan, ofishin Babban Limamin Ƙasa da kwamitinsa na ganin wata sukan saurari rahotanni daga sassan Gana kafin a yi sanarwa, kamar yadda kwamitin fadar Sarkin Musulmi ke yi a Sakkwato. Ana tambayar mai shaida inda ya tsaya, da lokacin da ya gani, da yadda ya gani. Hukuncin shaidar wata na malamai ne, ba mu da ta cewa a ciki, amma hikimar tantance magana kafin a ɗauke ta guda ce.

Shaidun da suka haɗa baki

Wannan dabara tana da inda take gazawa, kuma matashin bai ɓoye mana ba. Na farko, akwai taurarin ɗan'adam irin waɗanda kwanon talabijin ɗinmu ke kallo, waɗanda ke can nisan kimanin kilomita 36,000 a saitin tsakiyar duniya. Su suna juyawa ne daidai da juyawar ƙasa, don haka a wurinmu tsaye suke, shi ya sa ba a juya kwano kullum. Amma kyamarar da ke bin taurari tana motsi, sai su riƙa ja mata layi. Da yake a jere suke a kan hanya guda, wannan ya wuce wancan ya biyo sawunsa, layin yakan faɗa kusan wuri ɗaya a hotuna da yawa. Daga Ankara wannan hanya ta bi ta kusa da taurari ukun nan da ke jere, waɗanda Turawa ke kira ɗamarar Oriyon. Idan masu cewa sidi 400 suka kai huɗu cikin goma, baƙo zai fara zaton ko su ne masu gaskiya. Maganin da ake yi shi ne a riƙa ɗan gusar da kyamara tsakanin hoto da hoto, a kuma ƙara yawan hotuna.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Wani lokaci mutum ɗayan da ya saɓa wa jama'a shi ne ya ga gaskiya. Duwatsun da ke yawo a sararin samaniya, waɗanda wasunsu kan doso duniya, su ma motsi suke, a wannan hoto suna nan a wancan sun gusa. Wanda ya tsame duk abin da ya bayyana sau ɗaya zai tsame dutsen tare da layin. Mai neman hoto mai kyau bai yi asarar komai ba, amma masanin da aikinsa ke nan gadin duniya ba zai iya wannan sakaci ba. Idan mai karatu bai manta ba, ranar 15 ga Fabrairu 2013 wani dutse ya fashe a saman birnin Celyabinsk na Rasha, kimanin mutum 1,500 suka ji rauni, akasari daga fasassun gilasan tagogi. Ta ɓangaren rana ya zo, babu wanda ya hango shi. Masu farautar irin waɗannan duwatsu da ke fitowa ta gefen rana sai da almuru da goshin Asuba suke samun damar dubawa, lokacin da taurarin ɗan'adam suka fi haske.

Idan dambu ya yi yawa

A watan Nuwamba na 2019, a cibiyar binciken taurari ta Cerro Tololo da ke ƙasar Chile, wani hoto guda na kimanin minti biyar da rabi ya fito da layukan Starlink har 19. Hoton ya zagaya duniya, ya tayar da hankalin masana. Wani bincike da aka wallafa a 2022 kan hotunan wata kyamara da ke dutsen Palomar a Amurka ya nuna cewa hotunan almuru da na goshin Asuba masu layi ba su kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba a ƙarshen 2019, amma zuwa Agusta 2021 sun kai kashi 18. Hatta madubin Hubble, wanda shi kansa a sama yake, bai tsira ba, domin binciken da aka fitar a 2023 ya samu layi a kusan kashi 3 cikin 100 na hotunan da ya ɗauka tsakanin 2002 da 2021.

Sabuwar cibiyar Vera Rubin da ke Chile, wadda ta nuna hotunanta na farko a watan Yuni na 2025, tana da kyamara mai ɗigo miliyan 3,200, kuma aikinta shi ne leƙa kowane yanki na sama na kimanin rabin minti ta wuce gaba. Ba ta da lokacin tara shaidu ɗari a dare guda kamar matashinmu na Aburi. Ga shi kuma layi mai tsananin haske yakan dame ɗigogin da ke kewaye da shi.

Ba a ce SpaceX bai yi komai ba. A 2020 ya gwada shafa wa wani tauraro baƙin fenti, ya kuma gwada sanya wa wasu 'yar rumfa mai tare rana, hasken ya ragu amma bai kai yadda masana ke so ba. A 2022 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta kafa cibiya ta musamman domin kare duhun sama da shirunta. Sai dai kasuwar ta riga ta buɗe, kamfanin Amazon ya fara harba nasa jerin a 2025, ƙasar Sin ma tana harba nata. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Kunnen Gana da ke Kuntunse

Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce. A garin Kuntunse, kimanin kilomita 25 daga Ankara a hanyar Nsawam, akwai wani ƙaton kwano mai faɗin mita 32. An kafa shi a 1981 domin sadar da wayar tarho ta tauraron ɗan'adam. Da wayoyin ƙarƙashin teku suka karɓe aikin, sai injiniyoyin Gana da na Afirka ta Kudu suka mai da shi na'urar sauraron sararin samaniya, Shugaba Nana Akufo-Addo ya buɗe ta a watan Agusta na 2017. A shekarar ce kuma aka harba GhanaSat-1, ɗan ƙaramin tauraron da ɗaliban Jami'ar All Nations ta Koforidua suka ƙera.

Mu ma'aikatan rediyo mun san zafin wata tasha ta kutso cikin zangonka ana tsakiyar shiri. Irin wannan na'ura ta Kuntunse tana sauraron raɗa ne daga nesa mai nisa, don haka shiru ne jarinta. A 2023 masana da suka yi amfani da na'urar LOFAR ta ƙasar Holan sun saurari taurarin Starlink 68, suka ji 47 daga cikinsu suna fitar da ƙarar rediyo da ba da niyya aka yi ta ba. Ashe bayan layin da ido ke gani, akwai wanda kunne ke ji.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Ruwansa na nan, domin shi ne mai saye. Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, a Gana a watan Agusta na 2024, a Nijar kuma a 2025. Duk wanda ya taɓa tsayawa da kaya a Paga ko Elubo ko Illela, yana ɗaga waya sama yana neman sabis domin ya tura kuɗi ko ya ji farashin sefa, ya san darajar intanet da ba ta yankewa. Ba za mu ce wa kowa ya ƙi abin da zai sauƙaƙa masa neman halaliya ba. Amma ya kamata a san cewa saukin nan da kuɗinsa, kuma daga sararin da kakanninmu fatake suka riƙa dubawa a hanyar Salaga da Kano ake cire kuɗin. Sama kamar rijiyar unguwa ce, kowa na da haƙƙi a cikinta. Hukumomin sadarwa na ƙasashenmu da ke ba waɗannan kamfanoni lasisi suna da bakin tambayarsu matakin da suke ɗauka na rage haske da ƙara, kuma ya dace su zauna da masananmu irin na Kuntunse kafin a sa hannu.

Ga mai ɗaga kai da dare kuma, ga 'yan alamomi. Haske mai ƙyaftawa, ja da fari ko kore, jirgin sama ne. Wanda ke tafiya sannu a miƙe babu ƙyaftawa, ya ɗauki 'yan mintoci kafin ya ɓace, tauraron ɗan'adam ne. Wanda ya ja wuta ya mutu cikin daƙiƙa guda, tsakuwar sama ce ta ƙone a iska. Mai haske sosai da ke tsaye a yamma bayan Magariba a wasu watanni, Zara ce matar wata. Jinjirin wata kuwa siririn baka ne a ƙasa-ƙasa ta inda rana ta faɗi, ba ya gudu a sama, kuma wanda ya gan shi limami zai kai wa labari kafin WhatsApp.

Mun koma gidan rediyo mun cika alƙawari a shirinmu na mako. Hajiyar Aflao ta sake bugowa ta yi godiya, ta ce hankalinta ya kwanta, sai dai ta riga ta tura wancan saƙon murya ga mutane da dama, yanzu ba ta san yadda za ta dawo da shi ba. Muka ce mata nan gaba ta yi irin na kwamfutar mai gyaran waya, wanda ita ma ta saba yi idan za ta sari atamfa, ta tambayi mutum goma kafin ta ɗauki magana. Allah Ya sa mu dace, Ya ba da kasuwa mai albarka.